Tsofaffin rauta sun cika mini kwali: masu OpenWrt da OpenBSD za su karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata haɗa intanet a ofisoshi da makarantu a Kaduna. Duk inda muka sauya kaya, tsofaffin sai a bar mini, har sun cika kwali: rauta na TP-Link, wasu na MikroTik, EdgeRouter Lite guda ɗaya, da ƙananan MiFi. Yawancinsu suna kamawa. Na ji ana cewa masu rubuta buɗaɗɗun manhajoji irin su OpenWrt da OpenBSD, wato manyan manhajojin da ake ɗora wa rauta ko kwamfuta su tafiyar da ita, suna karɓar kyautar irin wannan kaya. Gaskiya ne? Ta ina zan fara? Ba na so su ƙare a hannun 'yan gwangwan.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, suna karɓa, kuma Allah ya saka da alheri da wannan niyya. Sai dai kada ka ɗaure kwali ka nufi gidan aika saƙo tukuna. Ka fara tambaya, kuma kada ka aika komai sai wani ya ce yana so.

Dalilin da ya sa suke bukatar na'ura a hannu shi ne, rauta ƙaramar kwamfuta ce da ba ta iya gabatar da kanta. Kwamfutar tebur tana sanar da babbar manhaja abin da ke cikinta tun wajen tashi. Rauta kuwa sai mutum ya zauna ya rubuta wa manhajar komai: wace ƙafa ta cif ce ke kunna wace fitila, wanne maɓalli ne na mayar da saiti, daga ina zuwa ina aka raba ma'adanar ciki. Kuskure ɗaya a wannan rabo ya isa ya kashe na'urar. Wanda bai riƙe ta ba, ba zai iya gwadawa ba. OpenWrt kanta daga na'ura guda ta samo asali. A 2003 aka matsa wa Linksys ya saki lambar manhajar WRT54G bayan an gano Linux ce a ciki, kuma lasisin GPL, wanda Linux ke ƙarƙashinsa, ya wajabta hakan. A 2004 aka gina OpenWrt a kan wannan.

To amma abin da ya fi yi musu ƙaranci shi ne lokaci. Galibinsu 'yan sa kai ne, bayan sun tashi aiki suke zama. Na'urar da ba a nema ba nauyi ce aka ɗora wa mutum. Shi ya sa OpenBSD ke da shafi na musamman mai jera kayan da masu aikinta ke nema, FreeBSD, wata buɗaɗɗiyar manhajar, ita ma tana da irinsa tare da masu kula da kyauta. Nan za ka fara dubawa.

Yanzu mu zazzage kwalin. Juya kowace TP-Link ka karanta takardar da ke manne a ƙasanta. Sunan samfurin kaɗai bai isa ba, sai ka duba lambar zubi, wato inda aka rubuta v1 ko v9 ko v13. TL-WR841N ta fito zubi sama da goma. Na farkon suna ɗauke da cif na Atheros, na baya-bayan nan kuma na MediaTek, alhali robar waje kusan iri ɗaya ce. Archer C7 zubi na ɗaya yana da rediyon 5 GHz da direban ath10k, wato manhajar da ke sarrafa rediyon, bai goyi bayansa ba, daga zubi na biyu matsalar ta kau. Mai aikin manhaja da ka ce wa "ina da Archer C7" ba ka gaya masa komai ba tukuna.

Bayan haka sai girman ciki. Duk wadda ma'adanarta megabait 4 ce, RAM kuma 32, OpenWrt ta daina fitar mata da manhaja bayan jerin 19.07, shi ma an rufe shi a 2022. Har masu 8 da 64 ana gargaɗi a kansu. Ina kyautata zaton da yawa daga cikin TP-Link ɗinka a nan suka faɗa, kuma babu mai biyan kuɗin jirgi domin su. Su ma masu Wi-Fi na Broadcom ba a cika marmarinsu ba, don kamfanin bai buɗe direbobinsa yadda aka samu da Atheros ba. MiFi kuma ka cire su daga lissafi: batirin litiyum ne a ciki, kamfanonin dakon kaya suna da tsauraran ƙa'idoji a kansa, kuma cikinsu a rufe yake.

EdgeRouter Lite ita ce ta fi jan hankalina. Cif ɗinta Octeon ne na Cavium, RAM megabait 512, tana da ramin konsol a gaba, inda ake jona kwamfuta a ba ta umarni kai tsaye, manhajarta kuma tana kan ƙaramin filas na USB da ke cikin akwatin, wanda ake iya zarewa a sauya. OpenBSD tana da reshe sukutum mai suna octeon da ke tafiya a kanta. MikroTik kuwa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya a jadawalin na'urori na OpenWrt, don wasu sun shiga, wasu ba su shiga ba.

Ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Aika tsohuwar rauta daga Kaduna zuwa Jamus ko Kanada, da kuɗin dako da na kwastam, kan zarce kuɗin da mutumin zai sayi irinta ta hannu a garinsu. Saboda haka abu biyu ne suka cancanci tafiya: na'urar da aka nema da suna, ko wadda a kasuwanninmu ake samunta, can ba sa ganinta. Sauran kuwa, hannunka ya fi akwatin daraja. Ka riƙe na'urar, ka zama mai gwaji.

Aikin bai fi ƙarfin mai sana'arka ba. Kwance rautar, a kan fanel ɗin za ka ga 'yan ramuka uku ko huɗu a jere, wani lokaci an rubuta TX, RX da GND a gefensu. Wannan ce ƙofar siriyal. Ka liƙa musu ƙafafu da dalma, ka samo ƙaramar adaftar USB mai cif CP2102 ko CH340, ka tabbata a kan bolt 3.3 take, don 5 na iya ƙona cif. TX na adafta ya tafi RX na fanel, RX ya tafi TX, GND da GND. Ta huɗun, wadda ke ɗauke da wuta, kada ka taɓa ta. A manhajar karanta siriyal da ke kwamfutarka, saita gudu a 115200, shi ne aka fi amfani da shi, sannan ka jona wuta. Rubutu zai fara zubowa a allon kwamfutarka: sunan U-Boot (manhajar da ke tayar da na'urar), girman RAM, rabon ma'adana, har Linux ta gama tashi. Kwafe shi duka. Wannan rubutu, haɗe da hoton fanel gaba da baya wanda ake iya karanta lambobin cif a jikinsa, shi ne rabin abin da mai aikin ke bukata. Sauran rabin shi ne mutumin da zai loda gwajin da aka turo masa, ya dawo ya ce ga abin da ya faru, ko da na'urar ta ƙi tashi.

Kafin ka rubuta komai a ma'adanar, ka kwafi abin da ke ciki ka adana, musamman ɓangaren da ake kira ART a na'urorin Atheros. Awon rediyon wannan na'ura ne ita kaɗai, daga masana'anta aka saka shi. In ya goge, na wata ba zai maye gurbinsa daidai ba.

In ka ɗora OpenBSD a kan EdgeRouter ɗin, masu aikin OpenBSD da kansu suna roƙon masu amfani su aiko da rahoton dmesg, wato rubutun da manhajar ke fitarwa wajen tashi, bayan girkawa, don su san abin da ke aiki a kan wace na'ura. Ko sisi ba za ka kashe ba.

Akwai kuma amana. Wasu rauta mallakar kamfanin intanet ne, aro aka ba ofishin, ba ka da ikon kyautar da su. Wanda ya bar maka ma, ka nemi yardarsa a fili. Cikinsu akwai kalmomin sirri na Wi-Fi da na PPPoE (na shiga layin kamfanin intanet) da mabuɗan VPN na mutanen da suka yarda da kai. Ka goge, sannan ka sake shiga ka tabbatar babu saura.

Saƙon tayin ya zama gajere: samfuri, lambar zubi, sunan cif, girman RAM da ma'adana, ko tana kamawa, ko da adaftarta ta wuta, garin da take, da wanda zai biya dako. Kada ka gindaya sharaɗin lokaci, don mai sa kai na iya ajiye ta wata da watanni kafin ya samu sarari. Ƙananan nan masu 4 da 32 kuma, ka miƙa su ga yaran shagonka ko ɗaliban kwalejin fasaha su koyi liƙa siriyal da lodin manhaja a kansu, amma ka ja musu kunne kada su jona su a layin intanet na kowa, tunda an daina toshe musu ɓarakar tsaro.