Dalilin Giɓin da Ke Bayyana Bayan An Yanka Katako a Haɗe

Ka tambayi abin da ke jawo giɓi tsakanin guntaye idan ka ɗora fallen farin katako a kan baƙi, ka yanke su tare, sannan ka musanya su don fitar da ado. Giɓin nan kaurin bakin zarto ne, domin abin da ya ci ya riga ya zama gari. Tun kafin zamanin André-Charles Boulle, shahararren mai ƙera kayan ɗaki na Faransa, wanda ya rasu a 1732, ake yankan a haɗe, kuma akan cike layin da manne mai duhu. Idan kana so giɓin ya ɓace, yanka falle biyu kacal, ka ɗan karkata zarton, yadda guntun sama zai zauna daram a ramin na ƙasa, sai dai ado ɗaya za ka samu maimakon biyu.