Amsa ga ɗan'uwan da modul ɗinsa ya maƙale a layin dubawa na Drupal

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, inda ka ce ka miƙa modul ɗinka na duba sakamakon ɗalibai, wato ƙarin da ka rubuta wa manhajar gina shafukan intanet ta Drupal, domin ya shiga ƙarƙashin kulawar tawagar tsaronta, an mayar maka da shi ka yi gyara, ka gyara, daga nan kuma shiru, ga mai aikin ya hana ka sakat, har kana tunanin rufe buƙatar ka buɗe sabuwa. Wallahi na ji maganar nan har cikin raina, domin ni ma abin da ya same ni ke nan a nan Katsina.

Don Allah kada ka rufe ta. Buƙata ɗaya ake so mutum ya buɗe, kuma duk gyare-gyaren da aka sa ka yi ka kuma yi su, su ne shaidarka a gaban mai dubawa na gaba. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, kai ake aunawa, modul ɗin hujja ce kawai. Tun watan Maris na 2017 kowa yana iya wallafa cikakken aikinsa ba tare da wannan mataki ba, saboda haka abin da kake nema yanzu izini ne da za a ɗora wa asusunka sau ɗaya, daga nan duk aikin da ka fitar kana iya shigar da shi ƙarƙashin kulawar da kanka. Dalilin da ya sa ke nan suke so su ga cewa kai ka rubuta kod ɗin, kuma akwai isasshen PHP, harshen da ake rubuta Drupal da shi, a ciki da za a gane hannunka. Idan akwai abokin aikin da ke tura gyara a reshen kod ɗin da ake dubawa, ka ba shi haƙuri ya dakata har a gama.

Nawa modul ɗin na aika wa iyayen yara saƙon tes ne idan sakamako ya fito, kuma wani ɗan kwangila ne ya ba ni aikin domin wasu makarantu masu zaman kansu. Ya biya rabi, muka yi da shi cewa ragowar sai an miƙa aiki. Na miƙa, komai yana tafiya daidai, sai ya kira ni ofishinsa ana cikin azumi, ana saura kwanaki kaɗan Sallah. Ina shiga na tarar ya tara yaransa, ya juyo mini da kwamfutar, ya sa makullin motarsa yana ƙwanƙwasa gargaɗin nan da ke fitowa a kan duk aikin da bai shiga kulawar tsaro ba, yana cewa ai ga shi masu abin da kansu sun ce kayana ba su da aminci. Na ce masa, "Alhaji, wannan rubutu kowane sabon aiki yana ɗauke da shi, ba hukunci aka yanke wa nawa ba." Ko sauraro bai yi ba. Ya ce in je in samo alamar garkuwar da ya gani a kan ayyukan wasu da suka shiga kulawar tsaro, ranar da ta fito in zo in karɓi kuɗina, yaran kuma suna ta murmushi ƙasa-ƙasa. Na fito na tsaya a bakin titi wajen Ƙofar Ƙaura cikin rana, ko kuɗin ɗinkin yara ban haɗa ba, ga telan yana ta kira. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, daga baya wani malami a ɗaya daga cikin makarantun ya shaida mini cewa tuni an ɗora modul ɗin ana amfani da shi, kuma an biya ɗan kwangilar kuɗinsa cif. Ashe tsaron yara bai dame shi ba, hanyar riƙe haƙƙina kawai ya samu. Na bar shi da Allah, amma har yau ban iya wucewa ta layin nan ba tare da na tuna ba.

Saboda haka ka zaunar da mai aikinka ka fahimtar da shi ma'anar garkuwar tun yanzu. Ba ta nufin tawagar tsaro ta bi kod ɗinka layi-layi ta wanke shi. Tana nufin idan wani ya gano ɓaraka, zai kai rahoto a asirce, tawagar ta yi aiki da kai a toshe ta, sannan a fitar da sanarwa, wadda bisa al'ada ranar Laraba take fita. Kuma sigar da ta kammala kaɗai kulawar take shafa, ban da sigogin gwaji na alfa da beta. Ita kanta uwar manhajar Drupal an taɓa samun ta da babbar ɓaraka ta SQL, wato ta umarnin rumbun bayanai, a watan Oktoba na 2014, wadda ake kira Drupalgeddon, kuma cikin sa'o'i da fitar sanarwar aka fara kai wa shafuka hari. Wanda ya ɗauki garkuwa a matsayin rantsuwar cewa babu aibi, bai san aikin ba.

Game da shirun kuwa, masu dubawar nan 'yan sa-kai ne, ba albashi ake biyan su ba, kuma layin yana da tsawo. Da farko ka tabbatar ka mayar da matsayin buƙatar zuwa mai jiran dubawa bayan ka yi gyara, domin idan ka bar ta a matsayin mai jiran gyara babu wanda zai waiwaye ta, kuma idan ta daɗe a haka rufe ta ake yi. Ka gudanar da phpcs, manhajar da ke duba tsarin rubutun kod, da ƙa'idojin Drupal da DrupalPractice har sai ya daina ƙorafi, saboda mai dubawa ya kashe lokacinsa a kan abu mai muhimmanci maimakon tazara da waƙafi. Tunda naka ya shafi sakamakon yara, ka sa ido sosai a kan fayil ɗin hanyoyi: kowace hanya ta kasance da izinin shiga, kada ɗalibi ya canza lamba a adireshi ya ga sakamakon wani. Kada ka haɗa abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin umarnin rumbun bayanai, ka yi amfani da gurbin da tsarin ya tanada, kuma ka guji kashe tacewar Twig, tsarin da ke fitar da shafuka, domin ta nan XSS, wato cusa mugun kod a shafi, ke shigowa. Sunan reshe ma suna dubawa, irin 1.0.x suke so.

Abin da ya motsa tawa buƙatar shi ne na shiga duba ayyukan wasu. A lokacin akwai tsarin da idan ka duba buƙatu uku na wasu da hannunka, ka kuma nuna su a cikin taka, ake ba ka fifiko. Dubawa ta gaske nake nufi, ba kwafo sakamakon na'ura ka liƙa ba, domin ana ganewa. Ni dai a nan na koyi abin da ban koya a aji ba, kuma na daina jin haushin masu mayar mini da aiki, tunda na ga yadda karanta kod ɗin wani yake cin dare, musamman idan aka ɗauke wuta batir yana ƙarewa.

Sannan ina roƙon ka, da kai da duk matasanmu da ke cikin wannan zaure, kada wanda ya sake yarda a ɗaure biyan kuɗinsa da abin da ba a hannunsa yake ba. A rubuta yarjejeniya, a sa shaidu, a faɗi a fili cewa amincewar tana iya ɗaukar watanni. Idan mai aikinka bai riga ya biya ba, ka nemi ya biya na abin da ka miƙa, garkuwar ta biyo baya.

Ka turo mini adireshin aikin ta akwatin sirri, in sha Allahu bayan sallar isha'i zan duba maka fayil ɗin hanyoyin da wuraren da kake karɓar bayanai daga fom.