Ku Tambaya Mu Amsa: Yadda Ake Karanta Doki Kafin Ya Shiga Fili

Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan takardar PMU suke, wato ta cacar tseren dawakin Faransa, wadda ake rububi kowace safiya a kiyos-kiyos na Yamai da Tawa, sai guda ɗaya a kan dawakinmu na gida. Hukuncin caca a addini sananne ne, malamai sun yi bayaninsa, kuma nan ba zauren fatawa ba ne. Abin da muka sani shi ne doki da lissafi, a kansu za mu tsaya.

Tambaya daga wani tela a Wadata, Yamai: Gaban sunan kowane doki ina ganin jerin lambobi da haruffa, kamar 2a 1a Da 0a (24) 4m. Ni dai wanda ya fi yawan 1 da 2 nake ɗauka, amma kullum ƙasa nake sha. Ina kuskuren yake?

Malam, wannan jerin shi ake kira muzik, tarihin doki ne a taƙaice. Daga hagu ake fara karantawa, domin na farkon shi ne tseren da ya yi na baya-bayan nan. Lamba tana nuna matsayin da ya zo, sifiri kuma yana nufin bai shiga cikin tara na farko ba. Harafin da ke manne da lambar shi ne irin tseren: a na sassarfa da jan keke mai ƙafa biyu, m na sassarfa da mahayi a bisa, p na sukuwa a fili shimfiɗaɗɗe, h da s na tsallake shinge. D babba tana nufin an fitar da shi, T ya faɗi, A mahayi ya tsayar da shi. Ita kuwa (24) iyaka ce, duk abin da ya biyo bayanta a shekarar 2024 aka yi shi.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Muzik tana gaya maka matsayi, ba ta gaya maka da su wa aka kara ba. Dokin da ya zo na ɗaya sau biyu a ƙaramin filin ƙauye, inda ladan tseren bai taka kara ya karya ba, sau da yawa bai kai ƙurar wanda ya zo na biyar a babban filin Vincennes na birnin Paris ba. Saboda haka ka duba filin da kowane sakamako ya fito, da yawan kuɗin da aka sa a tseren. Doki mai saukowa daga babban aji zuwa ƙarami, ko da muzik ɗinsa 6 da 7 ce, ya fi mai 1 da 2 da ke hawa sama alamar ci.

Sai maganar D. A tseren sassarfa, doki in ya ɓalle da sukuwa fitar da shi ake yi. Amma D iri-iri ce. Akwai wanda yake gaba, saura mita ɗari biyu, ƙafa ta kuɓuce masa; wannan yana da ƙarfi, tsautsayi ne. Akwai kuma wanda tun wurin tashi yake birkicewa, D uku cikin tsere biyar. Wannan hali ne, kuma hali zanen dutse. Bayanin da ake rubutawa ƙarƙashin sunan doki yakan faɗi inda abin ya faru, in kuma kana da intanet a waya ka kalli hoton tseren, gani ya kori ji. Na ƙarshe, ka daidaita harafi da tseren yau. Doki mai 1m 2m ba lalle ya yi abin kirki da keke ba.

Tambaya daga Bukoki: Mene ne D4, DA da DP? Wani ya ce mini duk mai D4 an shirya shi ya ci.

D4 an cire masa takalman ƙarfe na ƙafa huɗu, DA na gaba kawai, DP na baya kawai. Ƙafa tana yin sauƙi, dawaki da yawa sukan ƙara sauri kuma su rage kuskure. Sai dai kofato yana cinyewa, ba a iya yin haka kowane mako, shi ya sa mai horarwa yake ajiye cirewar sai ranar da ya sa rai. Abokinka ya yi rabin gaskiya. A manyan tsere za ka tarar fiye da rabin dawakin duk D4 ne, to wa aka shirya ke nan? Abin lura shi ne canji. Dokin da ya yi 0a 7a 0a sanye da takalmi bayan hutu, yau kuma ga shi D4 da ƙwararren direba irin Éric Raffin ko Franck Nivard a bayansa, waɗancan sifirin motsa jiki ne kawai. Akasin haka ma gaskiya ne: gwanin da ya saba ci ba takalmi, yau aka bar masa su, to wata rana ake hange da shi.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Yantala: A tsere ɗaya sai in ga an rubuta wa wasu dawaki mita 2.850, wasu 2.875. Me ya sa, kuma mita 25 har wani abu ne?

Abu ne babba, Malam. A sassarfar Faransa, kuɗin da doki ya tara a rayuwarsa shi ke yanke masa wurin tashi. A ce sharaɗin tseren ya ce wanda ya tara yuro 130.000 zai ja baya da mita 25. Doki mai 129.000 zai tashi a sahun gaba, mai 131.000 a baya, alhali ƙarfinsu kusan ɗaya ne. Na farkon shi ake cewa ya samu kyakkyawan shiga, kuma masu horarwa da gangan suke neman irin wannan tseren. Ka ɗauki bik ka ja layi ƙarƙashin duk dokin da kuɗinsa ya matso iyaka bai tsallake ba. Wannan aikin minti biyu ne, kuma ya fi yawancin abin da ake faɗa a bakin kiyos amfani.

Ga lissafin. Dokin da ke cin kilomita cikin minti 1 da daƙiƙa 12, mita 25 tana ɗaukar masa kusan daƙiƙa 1,8. Ƙari a kan haka sai ya kewaye dawaki goma ko fiye da ke gabansa, ta waje. Duk mita ɗaya da ya buɗe daga igiyar ciki, a kwana mai rabin da'ira, yana ƙara masa wajen mita uku. Wanda ya sha kwana a layi na uku ya yi asarar tsawon doki biyu zuwa uku tun ba a miƙe ba.

Idan kuma tseren na bayan mota ne, wato wanda dawaki ke bin mota a guje har ta sake su a wurin tashi, kamar mita 2.100 na Vincennes, kowa tazararsa ɗaya, amma lamba 1 zuwa 9 ne a sahun farko, sauran a na biyu. Kada ka gwada lokacin da doki ya yi a bayan mota da na tsere mai nisa da aka tashi ba mota; na bayan mota kullum ya fi kyan gani a takarda, domin da gudu ake tashi. Sannan babban filin Vincennes yana da gangara da hawa, dokin da ya saba da fili miƙaƙƙe yakan sare a hawan.

Wata ƴar dabara: harafin farko na sunan dokin sassarfa ɗan Faransa yana nuna shekarar haihuwarsa. H 2017, I 2018, J 2019, K 2020, haka har gaba. Idao de Tillard, wanda ya ci babban tseren sassarfa na Prix d'Amérique a 2024 da 2025, ɗan 2018 ne.

Tambaya daga Tawa: Ni tseren sukuwa na fi so. Nauyi zan duba ko joke, wato mahayi?

Ka fara da ƙasa, ɗan'uwa, kafin su biyun. Mu nan ruwan sama ba ya cikin lissafinmu wata takwas a shekara, shi ya sa muke mantawa can ciyawa ake takawa. Ana auna laushin fili a rubuta lamba: wajen 3 ƙasa ce mai kyau, in ta haura 4,5 ta zama caɓi. Akwai dokin da caɓi ne abincinsa, akwai wanda in ƙafarsa ta nutse ya gama. A 2021, a Longchamp, ruwa ya jiƙa fili ranar babban tseren Arc de Triomphe, sai dokin Jamus Torquator Tasso, wanda kusan ba mai kallonsa, kot ɗinsa, wato ninkin kuɗin da ake biya in ya ci, sama da 70, ya doke manyan. Ka nemi irin ƙasar da doki ya yi sakamakonsa masu kyau a kai. Haruffan PSF kuma filin yashi ne da aka haɗa da zare, kamar na Deauville da Chantilly. Gwanin ciyawa ba dole ya zama gwanin yashi ba.

Nauyi ya zo na biyu. A tseren andikaf ana ɗora wa kowane doki kilo gwargwadon ƙarfinsa don a daidaita su, kuma a matsakaiciyar tazara ana ƙiyasta kilo ɗaya da tsawon doki ɗaya. Wanda ya ci, a ƙara masa kilo biyu, uku ko fiye. Wanda ya yi ta faɗuwa, a riƙa rage masa kaɗan-kaɗan. Don haka mai 1p na makon jiya, wanda kowa ke rububi, yau da kaya a kansa yake. Wanda ya fi jan hankalinmu shi ne dokin da aka rage wa har ya dawo darajar da ya taɓa ci da ita, kuma ya zo na huɗu ko na biyar a tserensa na ƙarshe. Joke yana da tasiri, amma joke ba ya sauka ya ɗauki doki.

Tambaya daga wani ɗan kabu-kabu a Talaje: Akwai masu aiko da lambobi ta waya, su ce in biya jika biyu su ba ni biyar tabbatattu. In gwada?

Wanda ya ce zai ba ka riga, dubi ta wuyansa. Mai biyar tabbatattu me zai yi da jika biyunka? Dabararsu tsohuwa ce: su aika wa mutum ɗari lambobi daban-daban, wanda nasa ya dace ya zama mai yi musu shela, sauran a ce musu doki ne ya yi kuskure.

Ga abin da ba sa faɗa. A tsere mai doki 16, hanyoyin da uku na farko za su iya jeruwa 3.360 ne, huɗu na farko 43.680, biyar na farko 524.160. Ko ba a jere ba, zaɓen biyar cikin 16 hanya 4.368 ne. Karatun takarda yana rage wannan, domin yana fitar maka da dawaki shida ko bakwai da ba su da alama. Iyakar aikinsa ke nan, tacewa. Kuma kuɗin da ake rabawa na masu zubawa ne, bayan an cire kason kamfani da na gwamnati, don haka jimillar abin da ke dawowa hannun jama'a kullum bai kai abin da suka zuba ba. In dawakin da kowa ya zaɓa suka zo, rabon ɗan kaɗan ne saboda masu ci sun yi yawa.

Haɗa dawaki da yawa ma yana da tsada fiye da yadda ake zato. A ce kowane haɗi dala arba'in ne. Doki shida a tiyarse, wato zaɓen uku na farko, haɗi 20 ne, jika huɗu. Doki bakwai a karte, zaɓen huɗu na farko, haɗi 35, jika bakwai. Takwas a kente, zaɓen biyar na farko, haɗi 56, ya haura jika goma sha ɗaya. Mai ginshiƙi biyu, wato dawakin da ke cikin kowane haɗi, da ƴan rakiya biyar a karte haɗi 10 kawai zai biya, sai dai in ginshiƙi ɗaya ya faɗi, tikitin duka ya mutu. Ka sayi kaye, ka rubuta abin da ya fita da abin da ya shigo tsawon wata uku, kada ka tsallake ranar asara. Yawancin masu cewa suna ci ba su taɓa yin wannan ba.

Tambaya daga Lazare: Me ya sa wani lokaci tseren ke riga lokacin da na gani a intanet?

Faransa tana tura agogonta gaba da awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, mu ba ma canzawa. A wannan tsakanin ka rage awa ɗaya. Sauran watanni agogonmu ɗaya.

Tambaya daga wani dattijo a Tawa: Ni ba ruwana da takarda. Sukuwarmu ta gida nake kallo, ta Salla da ta filin sukuwa na Yamai in na je. Ta yaya zan gane wanda zai yi gaba?

Baba, Allah ya ƙara girma, naka ya fi daɗi domin dokin yana gabanka. Ka je da wuri, tun suna turke. Ka dubi tafiyarsa a kan yashi: doki mai kyan taku, sawun ƙafar baya yana sauka a kan na gaba ko ya wuce shi. In yana gyaɗa kai sama duk sanda wata ƙafar gaba ta taɓa ƙasa, wannan ƙafar tana ciwo, ko da mai shi ya rantse. Ka dubi jijiyar bayan ƙwauri, ta zama miƙaƙƙiya kamar tsirkiya; in ta yi tulu, yashi mai zurfi zai tona asirinta.

Jiki kuma, haƙarƙari a ji shi da hannu amma kada a ƙirga shi da ido. Dokin hawan Salla da aka cika da gero da harawa har ya yi sulɓi yana da kyan kallo, amma da ya sha kwana biyu numfashi zai ƙare masa. Ciki ya zama a ɗame. Wanda aka ba ruwa ko abinci dab da tsere za ka gan shi a cike. Gumi kaɗan a wuya ba laifi, amma farar kumfa tsakanin cinyoyi tun ba a ɗaura sirdi ba alama ce ya ƙona ƙarfinsa da fargaba. Doki mai lafiya a hutu yana numfashi sau 8 zuwa 16 a minti, kana iya ƙirgawa daga nesa ta kallon kwiɓinsa. In ya yi zagayen farko, ka lura da wanda numfashinsa ya lafa cikin minti goma zuwa sha biyar, da wanda har yanzu hancinsa ke buɗe yana haki.

Sannan ka haɗa nauyin mahayi da na sirdi. Sirdin gargajiya da jalala da manyan likkafu kaya ne na gaske, yaro mara nauyi a kan ɗan ƙaramin sirdi ya riga ya samu rata tun ba a ɗaga tuta ba, muddin yana iya riƙe linzami. Duk wannan da ido za ka yi shi, Baba. Kada ka kai hannu jikin dokin wani ranar tsere sai da izinin mai shi, ka san abin da za a ce in ya faɗi.