Zaman ƙauye a Faransa: amsa ga 'yar'uwa mai shirin tafiya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce maigidanki ya samu aiki a wani ƙaramin ƙauye a Faransa, kina son sanin yadda zaman yake kafin ki bi shi da yara. Shekara huɗu na yi a wani ƙauye kusa da garin Aubusson, a jihar Creuse da ke tsakiyar ƙasar, ina aikin kula da tsofaffi.

Abin da zai fara damunki shi ne shiru. Mu da muka taso a Damagaram, ga sallamar maƙwabta, ga 'yan talla, ga kiran salla ta ko'ina, sai na tsinci kaina a inda da magariba kowa ya rufe tagoginsa na katako, ba abin da kike ji sai ƙararrawar coci da kukan jajayen shanunsu. Watan farko wallahi na sha kuka. Yawancin mutanen tsofaffi ne, matasa sun tafi birane. Kuma abin ya samo asali: a ƙarni na 19 mazan Creuse magina ne masu cin rani, su tafi Paris ko Lyon a watan Maris, sai sanyi ya kama su dawo, mata ne ke riƙe da gona. Sannan yaƙin 1914 zuwa 1918 ya kwashe samari. A tsakiyar ƙauyen akwai dutsen da aka rubuta sunayensu, za ki ga sunan gida ɗaya har sau uku. Duk ranar 11 ga Nuwamba magajin gari yakan tara mutane a wurin a karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ki je da yaranki, suna lura da wanda ya zo.

Mutanen ba su da saurin sakin jiki, amma ba ƙiyayya ba ce. Ki riƙe gaisuwa da kyau. Duk wanda kika gamu da shi, duk shagon da kika shiga, ki fara da "bonjur". Maƙwabciyata, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ta yi wata biyar tana ɗaga mini kai kawai. Ran nan na buɗe ƙofa sai ga kwando da ƙwai shida da 'ya'yan itacen da suke kira shatenyi, waɗanda ake gasawa kamar gyaɗa. Na kai mata kilishin da aka aiko mini daga gida. Tun daga ranar ita ta koya mini hura murhun itace, ita ke kirana idan motar mai burodi ta yi ham, tunda gidan burodin ƙauyen ya daɗe da rufewa.

Ki koyi tuƙi tun kina gida, wannan kam ba na wasa ba ne. Likita yana nesa, samun ranar ganinsa ma sai an jira, motar haya kuwa ba ta zuwa kullum. Naman halal da sallar idi, mu birnin Limoges muke zuwa, tafiyar fiye da awa ɗaya, mu sayo da yawa mu zuba a firiza. Shaguna suna rufewa da tsakar rana, Lahadi kuma kusan komai a rufe yake.

Makarantar gwamnati kyauta ce. Ki fara zuwa ofishin magajin gari a rubuta yaran, nan za a gaya miki lokacin motar makaranta. Ki faɗa musu tun ranar farko cewa yaranki ba sa cin naman alade, ki tambayi abin da za a ba su a madadinsa, don kowace ƙaramar hukuma da nata tsarin.