Amsa ga 'yar'uwar da motar haya ta karya wa miji ƙafa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba maigidan naki lafiya Ya sa kaffara ne. Na karanta tambayarki, kin ce bas ta haya ta buge shi yana kan babur, ƙafa ta karye waje biyu, an ba da belin direba, mai motar ya aiko da 'yan kuɗi yana so ku sa hannu kun yafe, ke kuma kina so ki ji ko kotu tana bi wa mutum haƙƙinsa a irin wannan. Tana bi, mu mun je mun gani da ƙanina da tifa ta take a titin Zariya nan Kano, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Don Allah kada ku sa hannu a takardar nan tukuna. Yanzu ba wanda ya san inda ciwon zai tsaya, mu da farko ce mana aka yi wata uku zai miƙe, sai ga shi an yi aiki biyu a asibitin ƙashi na Dala, an sa ƙarfe an cire, har yau yana ɗingishi. Da mun karɓi abin da aka kawo mana a satin farko wallahi ko kuɗin aikin farko bai kai ba. In suna son taimakawa da kuɗin magani ku karɓa, amma a rubuta cewa na magani ne, ba sulhu ba ne.

Abin da ya rikita mu da farko, ashe shari'ar kala biyu ce. Wadda 'yan sanda suke kai direba gaban majistare kan tuƙin ganganci ta hukuma ce, ku shaidu ne kawai a ciki, ana iya cin sa tara ko a ɗaure shi kuma tarar aljihun gwamnati take shiga. Ta neman diyya ku ne za ku shigar da kanku ta hannun lauya, mu babbar kotun jiha muka je. Kuma lauyanmu bai tsaya kan direba kaɗai ba, ya haɗa da kamfanin da ke da tifar, saboda doka ta ce in yaronka ya yi ɓarna yana bakin aikinka kai ma da hannunka a ciki. Direba me gare shi? Ko an yanke masa miliyoyi ba inda zai samo su.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, maganar takarda. Alƙalin nan ya ga ƙanina da sanduna, ya ga tabon, amma da ya zo rubuta hukunci sai ya raba kuɗin gida biyu. Akwai abin da aka kashe, magani da aiki da hoton ƙashi da gyaran babur da ribar sana'ar da ta tsaya, wannan sai an lissafa shi ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara kuma an kawo hujjar kowanne. Sai na wahala da raɗaɗi da nakasa, wannan alƙali ne ke ƙiyastawa da kansa bayan ya ji bayanin likita. To a na farkon nan muka sha kashi. Ina tuna ranar da na zazzage ledar rasidai a teburin lauya, kusan rabinsu irin siririyar takardar nan ce ta POS, zafi ya cinye rubutun sun koma fari fat, yana ɗagawa yana kallo a hasken taga yana ajiyewa gefe. Duk wanda bai karantu ba ya tafi kenan. Kuɗin mai ɗori da muka fara zuwa kafin asibiti, da na adaidaita da muke yi kullum, da allurar da muke saya a kemis ba rasit, ko sisi ba a ba mu ba. Don haka daga yau duk rasit ki ɗau hotonsa a waya ki kuma yi fotokwafi, ko fanadol kika saya ki ce a rubuta miki.

Haka maganar sana'a, ƙanin nawa tela ne ba shi da takardar albashi, sai da ubangidansa na shago ya zo ya yi shaida da littafin da suke rubuta ɗinki, sannan aka yarda da wani ɓangare. Ki nemi rahoton 'yan sandan sashen motoci da zanen da suka yi na wajen hatsarin, da na 'yan biyayo (VIO, jami'an duba lafiyar motoci) in sun duba birkin motar, da rahoton likita mai sa hannu da hatimi. Waɗanda suka ga abin da idonsu ki karɓi lambarsu yanzu, mai shayin da ya ga namu kafin a kira shaidu ya koma garinsu.

Lauyansu zai nemi ya ɗora wa maigidanki wani laifin don a rage kuɗin, kuma doka ta yarda a rage in har sakacinsa ya taimaka. Mu cewa suka yi ba hular kwano, alƙali ya ce ai ƙafa ce ta karye ba kai ba.

Sai inshora. Tun dokar 1945 wajibi ne kowace mota ta samu inshorar da ke biyan wanda ta yi wa ɓarna, kuma daga Janairun 2023 NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida, ɓarnar dukiya ana biya har miliyan 3, rauni da rai kuwa lissafinsu daban. Matsalar dai takardun bogi sun yi yawa. Ki sa lambar motar a shafin NIID, shafin intanet na tantance inshorar motoci, ki ga ko inshorarta ta gaske ce, in ta gaske ce lauya ya sanar da kamfanin da wuri.

Kada ku yi jinkiri, ƙara tana da wa'adi kuma ya danganta da jiha, in kuwa motar hukuma ce akwai dokar kare ma'aikatan gwamnati da ta ba da wata uku kacal. In ba kuɗin lauya ku je ofishin Legal Aid Council, hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta, ku kai kukanku.

Masu ce miki a bar wa Allah, ni ban ga inda karɓar haƙƙi ya saɓa wa tawakkali ba, diyyar kisan kuskure tana cikin Suratun Nisa'i aya ta 92, malamai kuma sun yi bayanin ta gaɓɓai, ƙafa ɗaya in ta salwanta rabin diyya ce. Yafiya alheri ce amma ta mai ciwon ce, kada a matsa masa yana kwance.

Ba zan ɓoye miki ba akwai gajiya, mun fi shekara uku ana ɗage zama, bayan hukunci ma sai da lauya ya koma kotu ta umarci bankin kamfanin ya cire kuɗin daga asusunsu, lokacin kuma darajar naira ta zube. Shi ya sa in sun zo da tayin kirki bayan likita ya faɗi matsayin ƙafar, ku zauna sulhu da lauyanku a gefe, a rubuta a kai kotu ta mayar da shi hukunci. Ki faɗa mana jihar da kuke da ranar da abin ya faru, akwai lauyoyi a nan da za su duba miki maganar wa'adin.