Muryar Anti kan kumburin ƙafar mai jego

Salamu alaikum 'yan gida. Ku yi haƙuri, yanzu na sauko daga aikin dare, sai yanzu na saurari muryoyinku. Ƙanena, ka ce yau kwana 10 da aka yi wa matarka aiki aka ciro jaririya, kuma tun shekaranjiya ƙafarta ta hagu ta kumbura, sha-raɓar na yi mata ciwo, da ƙyar take takawa. Na kuma ji Gwaggo ta ce sanyi ne, a kira mai tausa ta murza mata da man zafi bayan wankan yamma.

Gwaggo, Allah ya ƙara girma, ki gafarce ni, amma don Allah kada kowa ya murza ƙafar nan. Abin da nake tsoro shi ne daskarewar jini. Jini kan yi gudaji a cikin babbar jijiyar da ke can cikin ƙafa, ya toshe hanya. In gudajin ya ɓalle, jini zai ɗauke shi ya bi ta zuciya ya je ya maƙale a huhu. Nan ne ake rasa rai, wani lokacin cikin mintuna. Shi ya sa muke hana tausa.

Kumburin da muka saba gani ga mai ciki da mai jego, ƙafa biyu yake kamawa, ba ya wani ciwo, in ta ɗora ƙafa kan matashi ta kwana sai ya sassauta. Wannan kuwa ƙafa ɗaya ce. Ƙanena, ka sa bayan hannunka ka taɓa ta, sannan ka taɓa ɗayar. Ta fi ɗumi? Fatar ta yi tsauri tana sheƙi, ko ta ƙara duhu? Mu baƙar fata ba kasafai jan yake fitowa ba, don haka kada ka tsaya neman ja. In akwai tef ɗin ɗinki a gidan, ka auna kaurin sha-raɓa biyun a daidai wuri ɗaya. Mu a asibiti, bambancin da ya wuce santimita 3 yana ɗaga mana hankali. Amma ko bai kai haka ba, da wannan ciwon, yau ɗin nan za ka kai ta.

Me ya sa ita? Allah ya yi jinin mai ciki da saurin daskarewa don kada ta zubar da jini da yawa wurin haihuwa, kuma haka yake ci gaba har kusan mako 6 bayan an sauka. Ka ga duk kwana arba'in ɗin namu na jego yana ciki. Ga aikin da aka yi mata, ga kwanciya. Mu kuma da tausayi, mai jego ko kofi ba ma bari ta ɗauka, tana kan gado wuni guda. Jinin da ba ya gudu shi ke daskarewa. Kuma a masu ciki da jego, ƙafar hagu ya fi kamawa.

To, wannan kowa ya buɗe kunne. In numfashi ya fara yi mata wuya haka kawai, ko ƙirji ya soke ta idan ta ja numfashi, ko zuciya na bugawa da sauri, ko tari da jini, ko jiri ya ɗebe ta, ba a jiran gari ya waye, ba a jiran mai gida ya dawo daga kasuwa. A sa ta a mota zuwa sashen gaggawa. Serena Williams, 'yar wasan tanis ɗin nan ta Amurka, haka ya same ta a 2017 bayan an yi mata aikin haihuwa. Ita da kanta ta gaya wa ma'aikatan jinya numfashinta ba daidai ba, ta dage a yi mata hoto, aka kuwa samu gudajin jini a huhunta.

In kun je, ka gaya wa likita ranar da aka yi aikin da ranar da kumburin ya fara. Za su yi mata sikanin na jijiyar ƙafar, irin na'urar da ake duba ciki ce, ba zafi. In an tabbatar, allurar tsinka jini ake farawa da ita, heparin, kuma maganin kan ɗauki aƙalla wata 3. Ba ya hana shayarwa, kada Gwaggo ta damu. Kada kuma a saya mata asfirin a kemis a ce an yi magani.

Af, masu shirin Umara da masu tafiyar Legas a mota, ku ma da ku nake. Zaman da ya wuce awa 4 ba motsi yana iya jawo daskarewar jinin nan, balle ga mai sikila ko mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estrojin. Ku riƙa motsa ƙafa, ku sha ruwa.

Ƙanena, ɗauki katinta na asibiti ku tafi yanzu, ta zauna a baya ta miƙe ƙafar. Zan ɗan runtsa, amma wayata a kunne take, kuna isa ka kira ni. Allah ya ba ta lafiya, ya raya mana jaririya.