Tambaya da Amsa: Wa Ya Ƙera Takobin da Na Saya a Gwanjo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi takubba biyu na hannu wurin wani dillalin kayan gwanjo domin in ƙawata zaurena. Ɗaya an rubuta "Toledo" da "440 Stainless" a jikin ruwansa, ɗayan kuma yana da ɗan faifan tagulla a gindin ruwan, tauraro ya kewaye shi, an rubuta "Proved". Dillalin ya rantse mini cewa na biyun na wani hafsan Turawan mulkin mallaka ne. Ta yaya zan gane maƙeransu? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na farkon bai da wahala. Toledo sunan gari ne a ƙasar Sifen wanda ya shahara da ƙira tun zamanin da, kuma har yau kamfanoni irin su Marto suna yin takubban ado a can domin 'yan yawon buɗe ido, saboda haka kalmar ba ta nuna maƙeri guda. Lambar 440 kuwa nau'in ƙarfe ne da ba ya tsatsa, wanda irinsa bai yaɗu ba sai bayan 1913, lokacin da Harry Brearley ya haɗa ƙarfe marar tsatsa a Sheffield ta Ingila. Takobinka ɗan zamani ne, na rataye a bango.

Na biyun ne ke bukatar natsuwa. Faifan nan alama ce da maƙeran Ingila suke sakawa domin nuna cewa an gwada ƙarfin ruwan, amma masu kwaikwayo, musamman a Indiya, sun daɗe suna maƙala irinsa, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Ka juya takobin ka duba bayansa, wato gefen da ba shi da kaifi, kusa da mariƙi. Kamfanin Wilkinson ya riƙa buga lamba a nan tun daga 1844 har ya daina ƙera takubba a 2005, kuma littattafan da aka rubuta lambobin a ciki suna nan, ta yadda wani lokaci har sunan wanda ya yi odar takobin akan samu. Sannan ka shafa zanen da ke jikin ruwan da farcenka. Na asali yana da zurfi kuma layukansa a fayyace suke, na kwaikwayo kuwa yakan fito dishi-dishi, haruffansa a karkace, kambin sarautar kamar an zana shi cikin gaggawa.

A ganina, tambari shi ne shaidar da ta fi rauni, domin komai ƙanƙantar maƙera tana iya buga shi. Mu ma nan ba baƙon abu ba ne: tsofaffin takubban Azbinawa da Hausawa da yawa suna ɗauke da jinjirin wata mai fuska ko hoton kyarkeci a guje, alamomin da suka samo asali daga maƙeran Turai irin na Passau da Solingen a Jamus, amma maƙeranmu suka ci gaba da bugawa saboda masu saye sun yarda da su.

Abin da ba ya ɓoyuwa shi ne yadda aka haɗa takobin. Dubi ƙarshen mariƙin da kyau. Idan akwai noti kuma ya kwance cikin sauƙi, ka zare mariƙin ka ga wutsiyar ƙarfen da ke ciki. Siririn rodi da aka liƙa da walda aikin masana'antun kayan ado masu araha ne, yayin da wutsiya mai faɗi wadda ta fito daga jikin ruwan kansa take nuna masu ƙira domin amfani, kamar Windlass na Dehradun a Indiya, ko Hanwei na Dalian a Sin, ko Del Tin na Maniago a Italiya. Waɗannan sukan sa tambarinsu a gindin ruwan, kuma kundayen hajarsu suna intanet, inda za ka gwada tsawo da nauyi da siffar mariƙin naka da nasu. Ka nemi sunan ƙasa ma, domin tun dokar harajin Amurka ta 1890 ake rubuta shi a kan kayan da za a shigar can, ko da yake wasu dillalai kan goge shi da fayil, sai wurin ya bar tabo mai sheƙi.

Kada ka wanke na biyun da yashi ko toka kafin ka gama bincike, mai kaɗan a tsumma ya isa. Na farkon kuma kada a ba yaro ya yi wasa da shi ranar hawan sallah, domin idan wutsiyarsa liƙin walda ce, takan karye ruwan ya fice daga mariƙi.